Madam Phoebe da Lemun Tsamin Ba'ana

Ƙarfe shida da rabi na safe, in ka tsaya a bakin titin da ya ratsa unguwar Lamisula a Maiduguri, za ka ga wata mata gajera, tabarau rataye da igiya a wuyanta, tana bin teburan masu shayi ɗaya bayan ɗaya da tsohon bokitin fenti a hannu. Ba ta shan shayi a waje, ba ta sayen burodi. Ɓawon ƙwai take karɓa. Masu shayin duk sun san ta, kowanne da ledar da yake tara mata a ƙarƙashin tebur, kuma ranar da ta makara sai ka ji suna tambayar juna ko Madam lafiya. Akwai wanda har yau yake ɗauka kaji take kiwo. Akwai wanda ya rantse magani take haɗawa, har ya kai mata kukan ciwon baya. Ta ce masa ya rage zama a kan benci.

Wannan ita ce Madam Phoebe Yoila, ma'aikaciyar ɗakin gwajin ruwa, wadda ta ajiye aiki ranar Juma'ar da ta wuce bayan shekara talatin da biyar. Daga wurin masu shayi takan hau keke napep zuwa ofis, ta riga kowa isa in ka cire maigadi. Ta buɗe tagogi, ta sa farar riga, ta yi 'yar addu'arta a tsaye, sannan ta jera robobinta a kan kantar ɗakin. Robobi ne tsofaffi, sun yi dishi-dishi, wasu rubutun jikinsu ya goge an sake rubuta wani a kai. A cikinsu ake ɗebo mata ruwa daga rijiyoyin garin nan, ita kuma ta zauna ta gano abin da ke cikin ruwan wanda ido ba ya gani.

Ni sunana Inuwa. Ni ke buga takardun ofishin, kuma shekara ashirin da biyu teburina yana bakin ƙofar ɗakinta. Duk sakamakon da ta fitar ta hannuna yake bi. Mai karatu zai ɗauka wanda ya buga takardun kimiyya na tsawon wannan lokaci ya tsinci wani abu. Na tsinci ciwon wuya.

Madam na da dokoki biyu da kowa a ofis ya haddace. Ta farko, ba a kawo mata ruwan gwaji a kwalbar gilashi in dai wani sinadari da ake kira boron take nema. Ta biyu, duk wanda ta aika ɗebo ruwa sai ta haɗa shi da roba ɗaya ta tataccen ruwa wanda ta tabbata babu komai a cikinsa. Wannan robar ita muke kira ɗan rakiya. Za ka tafi da shi, ka dawo da shi, kuma duk abin da ka yi wa sauran ruwan ka yi masa. In ka ajiye su a rana, ka ajiye shi a rana. In ka juye su, ka juye shi. Ni dai na ɗauka dokar gilashi tsoron fashewa ce, ɗan rakiya kuwa na sa shi a sahun abubuwan da tsofaffin ma'aikata ke yi don a san sun daɗe. Ban taɓa tambaya ba. Ita kuwa duk wanda ya tambaye ta abu sai ta ja masa kujera.

Shi boron ɗin, kamar yadda daga baya aka zaunar da ni aka karantar da ni, yana cikin ƙasa da duwatsu, ruwa ke narkar da shi ya tafi da shi. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Shuka na buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsa, amma in ya ɗan wuce kima sai ya koma guba, kuma a cikin itatuwa lemu na daga cikin masu raki. Farkon haɗuwata da kalmar ba ta yi kyau ba. Kwamfutar ofis ba ta san ta ba, duk inda na buga boron sai ta gyara mini ta mayar da shi Borno. Haka na buga rahoto mai shafi tara a kan hanyoyin cire Borno daga ruwa, oga ya sa hannu bai karanta ba. Madam ce ta tsayar da shi a bakin ƙofa. Ta ɗora tabarau, ta karanta kan maganar, ta ce, "Malam Inuwa, in ka cire mu duka, wa zai sha ruwan?"

Shekara huɗu da suka wuce, a lokacin da garin nan ya zauna wata da watanni babu wutar lantarki, wani dattijo ya shigo ofis da ganye a cikin hularsa. Sunansa Ba'ana. Manomi ne daga wani ƙauye can gabas, ya shigo Maiduguri a shekarun gudu. Ranar da suka bar gida, abin da ya iya ɗauka daga lambun mahaifinsa lemun tsami ne guda bakwai a aljihun riga. Lambun an ƙone shi daga baya. Waɗannan bakwai ɗin bai sha ko ɗaya ba, 'ya'yan cikinsu ya cire ya shuka a wani fili da ya samu a bayan Mairi, kuma daga su ya tayar da itace arba'in da ɗaya. Lemu ne mai siririn ɓawo, in aka yanka ɗaya a tsakar gida sai na cikin ɗaki ya sani. A iya saninsa, irin bai rage a ko'ina ba sai a wannan fili.

Ya juye ganyen a kan teburina, don ni ya fara tararwa. Bakin kowane ganye ya ƙone, ya yi ruwan ƙasa, daga ciki kuma rawaya. Ya ce ya sa taki, ya fesa magani, ya sa an yi addu'a, itatuwan sai ƙara zubar da ganye suke yi. Na duba ganyen da kyau, na gyaɗa kai irin na masana, na ce masa ina ganin rana ce. A Maiduguri wannan amsa ba ta cika faɗuwa ba.

Madam ta fito, ta ɗauki ganye ɗaya ta juya shi.

"Baba, tsofaffin ganye ne ke fara yi, ko sababbi?"

"Tsofaffi."

"Da wane ruwa kake ba su?"

Ya ce a da, da rijiyar hannu yake amfani, ta ƙafe, shekara biyu ke nan ya koma wata rijiyar burtsatse mai zurfi da aka haƙa kusa da shi. Ya ma zo da ruwan, ya zaro kwalbar lemun kwalba daga aljihu ya miƙa. Ta ce ya yi haƙuri, ta ba shi roba biyu, ɗaya babu komai, ɗaya ɗan rakiya, ta ce ya koma. Dattijon ya dubi robar da aka cika da ruwa, ya dube ni. Na ɗaga masa kafaɗa.

Yadda take gwada boron abin kallo ne. Da kurkum ake yi, wannan dai da mata ke shafa wa amare a garin nan. Akwai tataccensa da ake kawowa ɗakunan gwaji, in ya yanke kuma ita da kanta take tatsa daga na kasuwa, ta ce ba zai ba ta lamba daidai ba amma zai nuna mata hanya. Takan ɗiga ruwan a ɗan farin kasko, ta zuba haɗin kurkum, ta ɗora a kan ruwan zafi har ya bushe. In babu boron, ya tsaya rawaya. In akwai, ya juya ja, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon jan. Na Ba'ana ya fito kamar an niƙa tattasai.

Ta gaya masa gaskiya yadda take. Ba kowace rijiya ba ce, wannan ɗin ce, kuma itatuwansa ba za su ƙara shekara biyu a kanta ba. Ya ce a tafasa ruwan. Ta ce tafasawa ruwan ne zai tafi ya bar boron. Ya ce a sa alif. Ta ce alif laka yake kwantarwa. Akwai wani abu mai kama da ƙwayar gero da ake kawowa daga ƙasashen waje, wanda aka yi musamman don kama boron, amma ofishinmu a takarda kawai ya taɓa ganin sa. Aikinta a hukumance ya ƙare a nan. Ta gwada, ta rubuta, na buga, oga ya sa hannu. Babu wanda zai ce mata don me in ta tsaya.

"To Ya Phoebe," in ji Ba'ana, don haka ya kira ta tun ranar, irin girmamawar Kanuri, "me ka ce in yi?" Hausar Ba'ana ba ta raba mace da namiji, kowa ka ne a wurinsa.

Ta ce ya ba ta lokaci.

Abin da take nema shi ne wani gari da za a bi da ruwa ta cikinsa, boron ya manne a jikinsa ya tsaya, ruwan ya wuce. Ta kwatanta mini da ƙarangiya da ƙafar wando: ka ratsa ciyawa, ita ta kama, kai ka wuce da ita. Sai dai boron ba kowane wando yake kamawa ba. Ta fara da gawayi, wanda kowa ya yarda da shi wajen tace ruwa. Bai taɓuka komai ba. Ta gwada yumɓu iri huɗu, ɗaya ya ɗan motsa. Azumi ya kama, ta ce tokar ƙwallon dabino take son gwadawa, sai ga ni ina bin masallatan unguwarmu bayan shan ruwa ina tsince abin da jama'a suka tofar. Limaminmu ya kira ni gefe ya tambaya ko akwai abin da ke damuna a gida. Tokar ta yi abin kirki, amma bai isa ba.

Daga nan ta koma kan ɓawon ƙwai. Ɗanyensa da aka daka bai kama komai ba. Sai an ƙona shi da wuta mai tsanani har ya zama fari fat, ga shi murhun ofis da lantarki yake aiki, lantarkin kuwa ya zama labari. Ta je maƙera. Na raka ta sau ɗaya, na ga mace mai shekara hamsin da ɗoriya tsugune a gefen maƙeri, tukunyar ƙasa a cikin garwashi, tana ce masa ya ƙara zuga. Maƙerin ya ce shi ƙarfe ya sani, bai taɓa gasa wa kowa ƙwan da babu ƙwai a ciki ba. Wata biyar ana wannan, ran nan kaskon ya fito ruwan lemu maimakon ja. Ba ta yi guɗa ba. Ta sake gwadawa sau uku, sannan ta ce mini, "Ka iya bugawa."

Abin da ya yi a kofi sai an ga ya yi a lambu. Ta sa aka jera duro uku a filin Ba'ana. Na farko garin ɓawon ƙwai da tokar dabino, na biyu yashi, na uku kuma a buɗe, ruwan ya kwana a ciki ya huce, don in ya fito daga na farko yana da kaifi kamar ruwan kanwa, ba a ba shuka shi haka. Sau biyu tana sauya haɗin. Wata takwas ke nan da fara aikin.

A gidan Ba'ana kuwa haƙuri ya soma ƙarewa, kuma ban ga laifin kowa ba. Mutum goma sha tara ne a ɗaki uku. Babban ɗansa, mai mata da 'ya'ya uku, ya daɗe yana cewa a sare itatuwan nan da ba sa 'ya'ya a gina ɗakuna kafin damina. Ba'ana ya yi ta ja har ya gaji. Ƙarshe ya yanke: gwajin da za a yi na gaba shi ne na ƙarshe. In ruwan duro ya fito da kyau, itatuwa su tsaya. In bai fito ba, a sa gatari.

Ranar ɗebo ruwan ta faɗo Alhamis, Madam kuma ta tafi Biu jana'izar yayarta. Ta bar mini robobi uku da takarda: ɗaya ruwan rijiya, ɗaya ruwan duro, ɗaya ɗan rakiya. Na ji ana suna a gidan Ba'ana a ranar, za a tara mutane. Na dubi robobin nan, na dubi shaddata. Na ce a raina wakilin gwamnati ba zai shiga taro da abin da ya yi kama da kayan bola ba. A kabad akwai wasu kwalaben gilashi sababbi da aka ba ofis kyauta, masu dogon wuya da murfi, ba a taɓa amfani da su ba. Na ɗauki uku, na wanke su da garin sabulu har suna ƙyalli. Na juye ɗan rakiya a ɗaya, don wannan dokar kam na riƙe ta: abin da ka yi wa sauran ka yi masa. Na je na ɗebo ruwa a gaban jama'a, ina ɗaga kwalba sama ina duba ta a hasken rana. An yaba ƙwarai. Wani ma ya kira ni dakta, ban gyara masa ba.

Ruwan ya zauna a kwalaben daga Alhamis zuwa Litinin, cikin zafin watan huɗu. Da sassafe na juye kowanne a robarsa, na jera mata a kan kantar, na koma teburina.

Ta fara da ruwan rijiya. Ja, yadda aka sani. Ta yi na duro. Ina leƙe ta ƙofa na ga kaskon ya fito ja shi ma, kusan babu bambanci. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta daɗe a haka. A daidai lokacin wayata ta yi ƙara, Ba'ana ne. Na fita baranda. Ya ce yaya. Ni kuma, da yake ina da son a fara jin labari daga bakina, na ce, "Ba'ana, sai haƙuri." Ya ce, "To," ya kashe.

Bayan kamar rabin awa ta kira ni.

"Malam Inuwa, zo ka ga. Wannan kaskon na wa ne?"

"Na ɗan rakiya."

"Wane ruwa na zuba masa?"

"Tatacce."

"To a ina ya samo boron? A keke napep?"

Kaskon ja ne. 

"A cikin me ka ɗebo ruwan nan?"

Na nuna kabad da baki.

"Da me ka wanke su?"

"Garin sabulu, Madam. Sosai na wanke."

"Na ga alama." Ta mayar da tabarau. "Gilashin ɗakin gwaji da boron ake yin sa, shi ya sa ba ya fashewa a wuta. Ruwa mai kaifi in ya daɗe a ciki yana lasar sa. Garin sabulu ma akwai wanda da shi ake haɗawa. Wata takwas ina cirewa, kai a kwana huɗu ka mayar." Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. "Ka gaya wa wani?"

"Ba'ana ya kira."

Ta tattara kasakenta da haɗin kurkum da robobi biyu a jaka, ko farar rigar ba ta cire ba. Wayar Ba'ana tana ta ƙara ba a ɗauka. A cikin keke direba ya yi ta ba mu labarin tsadar taya.

Tun daga bakin hanya muka ji sara. Itace huɗu na kwance, ɗan Ba'ana ya fara na biyar. Shi Ba'ana yana zaune a kan turmi ya juya wa lambun baya. Madam ta ratsa ta cikin rassan da suka faɗi, ta tsaya kusa da itacen, ta ce, "Ɗana, dakata."

Ba'ana ya juyo. "Ya Phoebe, Malam Inuwa ya ce abin ya ƙi."

"Kuskure daga ɗakinmu ne, Baba. Ruwan ya gurɓata a hanya. Na kafa doka ban faɗi dalilinta ba, laifina ne."

Ina tsaye a bayanta lokacin da ta faɗi haka. Ko waiwayo ni ba ta yi ba.

Ɗan bai ajiye gatarin ba. Ya ce, "Madam, da girmanki, amma wata takwas ke nan muna jin gobe. Ke a ɗakinki kike kwana. Ni matata da 'ya'yana a ɗakin tsohuwata suke, ni ina zaure."

"Gaskiyarka ce," in ji ta. "Ba gobe na ce ba. Ba ni zuwa la'asar. In ya fito ja, ni zan riƙe maka reshe kana sara."

Aka kawo mata kurfoti da tukunyar ruwa. Da hannunta ta ɗebi ruwan rijiya a roba ɗaya, na duro a ɗaya. Ta zauna a tabarma a tsakiyar gidan mutane, mata da yara sun kewaye ta, ta ɗiga, ta zuba, ta ɗora. Kurkum ba ya sauri don ana jiran sa. Aka yi azahar, aka dawo. Ɗan ya jingina gatari da bango ya zauna kusa da shi. Da kasaken suka bushe ta ɗauko su ta sa wa Ba'ana ɗaya a kowane hannu. Na dama ja wur. Na hagu rawaya mai ɗan duhu, kamar ƙwaiduwa.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ya fita ke nan?"

"Bai fita duka ba. Kamar kashi biyu cikin uku, sai na koma ofis zan san lambar. Amma abin da ya rage lemu zai iya ɗauka, damina kuma za ta wanke wanda ya taru a ƙasa. Ganyen da ya ƙone ba zai warke ba, kada ka zuba masa ido. Sabon toho za ka duba. Kuma garin nan yana cika, duk sati uku sai an sauya."

Ba'ana ya dubi ɗansa, ya dubi inda itatuwa huɗun suka faɗi, ya yi masa magana da Kanuri. Daga baya aka fassara mini: wurin ya isa ɗaki biyu, ya gina a nan, sauran kuma kada ya ƙara taɓa su. Har yau duk inda yaron nan ya gan ni sai ya tsallako titi ya gaishe ni hannu biyu. Ya ce a duk ma'aikatan gwamnati ni kaɗai na taɓa yi masa wani amfani. Ni kuwa ban taɓa shiga lambun ban ƙirga ba. Talatin da bakwai. Na biyar ɗin da aka fara sara ya rayu, da tabonsa.

Bayan damina toho ya fito kore shar, bakinsa lafiya. A shekara ta biyu suka yi fure.

Madam, ke ce kika ɗauki laifin da ba naki ba a gaban mutane, kika bar ni da kunyar da ta fi faɗa amfani. Washegari ke ce kika ja mini kujera, kika bayyana mini dalilin kowace doka ta ɗakin nan, ɗaya bayan ɗaya, kamar yau na fara aiki. Ke ce kika rubuta dalilan da babban baƙi kika liƙa a bango, don kada wani mai shadda ya sake zuwa. Maigadi shaida ne cewa wani ɗan kwangila ya taɓa zuwa da takardar da aka riga aka cike, yana so ki sa hannu cewa ruwan rijiyar da ya haƙa lafiya lau ne, kika ce ya kawo ruwan, ya ce sauri yake yi, kika ce to ya sauka lafiya. Mutanen Jiddari Polo shaida ne cewa bayan ambaliya kin yi sati uku kina bin rijiyoyin unguwa da takalmin roba, kina gaya wa kowane gida wadda za a sha da wadda za a rufe, alhali naki ɗakin ma ruwa ya shiga. 'Yar Biu mai aunawa kafin ta yi magana. Ban san wani kirari da ya fi wannan dacewa da ke ba, kuma na san ko shi za ki ce a rage.

Ba ta bar aikin a hannunta ita kaɗai ba. Matan gidan Ba'ana yanzu su ke sauya garin duro, sun san lokacinsa, sun san a rami mai nisa da itatuwa ake binne wanda ya cika. Agnes, wadda za ta gaje ta a ɗakin gwaji, ta koyi haɗin tun daga maƙera har kasko. Lambuna biyu da ke shan ruwan rijiyar nan su ma sun kafa nasu duro. Babu jaridar da ta buga, babu wanda ya ba ta lambar yabo. Rahoton yana cikin fayil, ni na buga shi, kuma wannan karon na karanta.

Ranar Juma'a aka yi mata ɗan taron sallama a ofis. Oga ya yi jawabi, ya kira ta Madam Phoebe Yakubu sau biyu. Ana cikin rabon lemun kwalba sai ga Ba'ana da babbar riga. Ya gaisa da kowa, wushe wushe, ya samu kujera kusa da ita. Ya ce hanyar ƙauyensu ta buɗe, mutane sun fara komawa, shi ma ya je ya ga filin mahaifinsa. Ya ce ya reni dashe sittin a leda daga 'ya'yan itatuwan nan, yana so ya mayar da su inda kakanninsu suka fito. Sai dai an haƙa sabuwar rijiya a garin, mai zurfi, kuma shi yanzu ba ya yarda da ruwa don ya gan shi fari.

"Ya Phoebe, an ce ka gama aiki."

"Na gama, Baba. Yau ɗin nan."

"To madalla. Yanzu kana da lokaci."

Madam, mun gode. Na gode a madadin masu shan ruwan da ba su san sunanki ba, da masu matsa lemu a kunu ba su san ta inda ya bi ya iso gare su ba. Allah ya ba ki lafiya da hutun da na san ba za ki yi ba. Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, masu tebur da masu farar riga, ba na ce kowa ya je maƙera ba. Amma in mutum ya shigo muku da damuwarsa a cikin hula, kada ku tsaya a inda takarda ta ce aikinku ya ƙare. Abin da ba ku auna ba kada ku faɗa. In kun ga tsohon ma'aikaci yana yin wani abu da bai yi muku ma'ana ba, ku tambaye shi tun yana nan, don na gwada ɗaya hanyar kuma ba na ba kowa shawararta.

Jiya Litinin da safe ta hau motar ƙauyen su Ba'ana, jakarta a cinya. Dashe sittin ɗin suna nan a bayan Mairi, a jere a inuwar iyayensu. Ba'ana ya ce ko ɗaya ba zai ɗaga ba sai ta dawo ta ce a dasa.